Ranar da Na Ɗauko Maganin Daniyel

Jiya ina zaune nan gindin darbejiya na ji ɗayanku yana cewa wai kilando, wato haya da babur, ba sana'a ba ce, abin rage zaman banza ne kafin mutum ya sami aikin gaske. Wai duk wanda ya iya keke ya iya ta, ka murɗa hannu kawai babur ya tafi. Ban tanka ba, don lokacin fasinja ya zo. Yau rana ta take, babu mai fitowa sai bayan la'asar, to ku matso. Shekara ashirin da bakwai ke nan ina ɗaukar mutane a garin Garwa, babur bakwai na kashe, amma har yau akwai abin da ya same ni a hanya wanda in na zauna na bi shi daki-daki ba ya fita daidai.

Aikin farko da aka taɓa ba ni, buhun busasshen kifi ne daga bakin gada zuwa babbar kasuwa. Lokacin ina shekara ta biyu a garejin Malam Buba, bakanike a unguwar Yelwa, shi ne ubangidana. Shekara guda cur bai bar ni na hau babur ba, sai wankin karbireta da goge buji, wato fulogi, da ɗaurin sarƙa. Ran nan ya miƙo mini makullin wani tsohon babur na Japan, irin mai hayaƙin nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, ya ce in je in dawo. Na je lafiya. A dawowa, daidai hawan da ke bayan gada, babur ya yi tari sau biyu ya mutu. Haka na turo shi da buhun kifi a kai har kasuwa, ƙudaje na bina, na kuma turo shi gareji. Malam Buba bai ɗago daga abin da yake kwancewa ba.

Ya ce, "Sale, ka gaisa da tanki kafin ka tashi?"

Na ce, "Malam, na duba allura, tana tsakiya."

Ya ce, "Wannan allurar tun kafin a yi maka kaciya take tsakiya."

Ya tashi ya karyo kara, ya buɗe murfin tanki ya zura, ya zaro ya nuna mini, a bushe. Ya yi wa karan tsaga uku da wuƙa ya ba ni, ya ce wannan ne ma'aunina daga yau. Sannan ya koya mini girgiza. Ka haye babur, ka riƙe kai, ka kaɗa shi hagu da dama, ka kasa kunne. Cikakken tanki ba ya surutu, nauyi kawai za ka ji. Rabin tanki yana ƙara mai kauri, kwal-kwal. Wanda ya kusa ƙarewa muryarsa siririya ce, kamar ruwa a ƙasan buta. Ya nuna mini makunnin mai da ke ƙarƙashin tanki ta hagu, wanda muke ce wa robine, mai fuska uku: rufe, buɗe, da rizaf. Rizaf shi ne ɗan abin da ke kwance a can ƙasa, wanda zai kai ka wurin mai sayarwa idan na sama ya ƙare. Ya ce duk ran da na murɗa rizaf, da zarar na sha mai in mayar da shi buɗe tun ban rufe murfi ba, in ba haka ba ran da na neme shi zan tarar na riga na cinye shi ban sani ba.

Kayan da nake yawo da su ƙarƙashin kujera shi ya tsara mini su, har yau ban ƙara ban rage ba. Buji ɗaya sabo a naɗe cikin tsumma, da makullinsa. Sifana lamba goma da sha biyu. Filaya. Tiyo siriri mai tsawon kamu biyu don zuƙo mai. Kwalbar roba babu komai ciki. Igiyar roba da aka yanko daga tsohon tif na taya, guda uku. Ku kuwa na ga abin da ke ƙarƙashin kujerunku, cajar waya da turare.

Fasinja kuma kala-kala ne, sai ka daɗe kake gane su. Akwai mai ce maka "nan kusa ne," sai kun wuce Pitowa yana nuna gaba da baki. Akwai matar da za ta hau da kwando ɗaya, a kwana ta biyu ta ce ka tsaya, ashe akuya na jiranta. Akwai ma'aikacin ofis da zai yi maka Faransanci tun daga hawa har sauka don kada ka yi masa ciniki. Duk waɗannan masu sauƙi ne. Wanda ya fi haɗari shi ne mai gaggawa ta gaskiya, don gaggawarsa shiga jikinka take yi, ta kore duk abin da aka koya maka.

Shekarar da man Nijeriya ya yi tsada ba na jin akwai ɗan kilando a garin nan da zai manta ta. Mu tun tasowarmu ba mu san gidan mai ba. Zuwa-zuwa muka sani, man da ake shigowa da shi ta kan iyaka a jarkoki, a zuba a kwalabe a jera kan tebur a kowace kwana. Rana ɗaya muka wayi gari tebura sun zama fayau. Wanda ya rage da shi ya ɓoye, in ya fito da shi kuma ba ka san me ke ciki ba. Wani ya haɗa da kananzir, wani kwalbarsa an tura gindinta ciki ta yadda lita ba ta cika lita. Gidajen mai kuwa layi har kan titi, ka ɓata rabin yini kafin ka kai bakin famfo. Mutanen da na shekara goma ina sayen mai wurinsu suka koma sayar da kankana, muka dinga saye wurin fuskokin da ba mu sani ba. Da yawa cikinmu suka jingine babura suka tafi gona.

A cikin wannan shekarar ne, da bazara, ana tsakiyar zafin nan da kwalta ke kama takalmi, Madam Marta ta zo mini. Mutuniyar Mokolo ce, daga cikin mutanen dutse da suka gangaro neman ƙasar noma. Tana sayar da wake da gyaɗa a babbar kasuwa, ni nake kai mata buhuna shekara da shekaru. Mijinta Daniyel yana can ƙauyensu bayan Ngong yana noman auduga, ita tana zuwa gida ƙarshen mako. Mace ce mai natsuwa, ban taɓa jin ta ɗaga murya ko a ciniki ba. Ran nan da hantsi sai ga ta a guje, ɗankwali a hannu, ta rungumo wata ƙaramar kula shuɗiya.

Ta ce, "Malam Sale, tashi. Kububuwa ta sari Daniyel da safe yana sharar gona. Yana ƙaramin asibitin ƙauyenmu, ba su da maganin. Ga shi na sayo a famasi."

Na ce, "Subhanallahi. Me ya hana a kawo shi nan?"

Ta ce, "Malamin asibitin ya ce jijjigar hanya za ta ƙara masa zubar jini, gara maganin ya je. Kwalba biyu ne, an sa mini ƙanƙara, an ce kada rana ta taɓa su. Don Allah kada ka tsaya ko'ina."

Na karɓi kular na ɗora a kan tanki, gabana, inda zan tare ta da hannuwa. Na ɗauko igiyar roba biyu na ɗaure ta tam, na zagaya ta ƙarƙashin tanki, na yi ƙulli huɗu don kada rami ya jefar da ita. Murfin tanki ya shige ƙarƙashinta. Da asuba na sayi kwalba uku wurin wani mutum a bakin tasha, kuma tun safe ƙananan tafiye-tafiye kawai na yi a cikin gari. A lissafina mai zai kai mu ya dawo da ni. Duk da haka ban tashi ba sai da na girgiza, don hannuna ya saba. Na ji kwal-kwal, mai kauri, muryar rabin tanki. Na ce bismillah, ta hau, muka kama hanya.

Muka haye gadar Binuwai muka miƙe kudu. A mararrabar da ake barin kwalta na hango wani tebur da kwalba huɗu a kai, har na sassauta. Madam Marta ta dafa kafaɗata ta ce, "Malam Sale, ka yi wa Allah." Na tuna ƙarar da na ji, na ƙara wuta muka wuce. Muka shiga hanyar ƙasa, gonakin auduga da aka riga aka cire hagu da dama, babu inuwa, babu mutum. Mun yi tafiya mai ɗan nisa, sai babur ya yi tari. Na rage giya, ya sake tari, ya fara ja da baya kamar an riƙe shi. Ban tsaya ba na kai hannun hagu ƙasa in murɗa rizaf. Na lalubi robine, na ji ya ƙi motsi ta wannan gefen. Na leƙa. Yana kan rizaf tun tuni. Kafin in gama mamaki injin ya yi shiru, muka gangara muka tsaya a tsakiyar hanya.

Ta ce, "Lafiya? Mai ne?"

Na ce, "Ba mai ba ne. Akwai mai."

Na girgiza a gabanta don ta ji da kunnenta. Kwal-kwal. Har ya fi na ɗazu ƙara. Na ce to kin ji, buji ne, minti biyu. Na kwance buji, na gan shi a bushe, fari-fari, ba irin wanda ya mutu ba. Duk da haka na sa sabon. Na buga kiki ya fi sau ashirin, ko tari. Na manna bujin a jikin injin na buga, wuta na tsalle shuɗiya, lafiya lau. To wuta akwai, mai akwai, me ya rage? Na zare tiyon da ke kai mai karbireta, ɗigo biyu suka faɗo, shi ke nan. Na ce yawwa, dattin man banzan nan ne ya toshe robine. Na kwance ƙoƙon robine, na hura, na goge matacin da bakin riga, na mayar. Babu. Na kwance ƙasan karbireta, na tarar da shi ƙaf. Na zauna a kan dugadugaina ina kallon babur kamar ban taɓa ganin irinsa ba. Tanki na cewa akwai, tiyo na cewa babu. Na sake girgizawa, na sake ji. Har na fara tunanin ko wani abu ne ya faɗa ciki ya toshe ramin daga sama, ko leda, ko tsumma.

Za ku ce me ya hana ni buɗe murfi in duba da ido, ga kara a ƙarƙashin kujera. Ni ma na sha tambayar kaina. Ƙulli huɗu ne kawai tsakanina da murfin. Amma kunnena ya riga ya ba ni amsa, kuma shekara ashirin da wani abu bai taɓa yi mini ƙarya ba, sai na ga kwance ƙullin ɓata lokaci ne. Na fi rabin awa ina kwance lafiyayyun abubuwa ina mayarwa, gumi na shiga mini ido, ƙarfe na ƙona mini yatsu.

Madam Marta ta hau kan wani suri tana ɗaga waya sama, har ta samu sabis. Na ji tana magana da 'yarta da ke wurin Daniyel da yarensu na dutse, ban fahimci komai ba sai yadda muryarta ta canza. Ta sauko ta ce jini ya fara fita ta dasashinsa. Sannan ta dubi kular ta ce, "Rana na dukanta. Kwance mini ita in riƙe a ƙarƙashin zane."

Na kwance ƙullin nan ɗaya bayan ɗaya, na miƙa mata. Tana karɓa na ji ƙarar a hannunta. Kwal-kwal. Na tsaya. Na kama kan babur na girgiza shi da ƙarfi. Shiru, kamar an kaɗa busasshiyar ƙwarya. Ƙanƙarar ce ke narkewa, ruwanta nake ji tun daga Garwa. Na buɗe murfi na zura kara, ya fito yadda ya shiga.

Ta dubi karan, ta dube ni, ta gyara kular a ƙirjinta ta lulluɓe.

Akwai dabara ɗaya da ta rage. Tankin babur kamar sirdi yake, ɓangare biyu, robine na hagu, ɗan mai yakan maƙale a dama. Na kwantar da babur a gefen hagu har madubi ya taɓa ƙasa, na ƙirga goma, na ɗaga, na rufe bakin tanki da bakina na hura. A kiki na uku ya tashi. Muka hau, na lallaɓa shi a giya ta sama ba tare da na murɗa sosai ba. Ya kai mu har muka hango wasu bukkoki uku a gefen hanya, sannan ya mutu, mutuwar da babu tashi.

Wata tsohuwa kaɗai muka tarar a gidan, tana ɓarar gyaɗa a inuwar rumbu. Na yi mata Hausa, ta girgiza kai. Madam Marta ta gwada yarenta da Faransanci, ba su haɗu ba. Na koma Fulatanci, na ga tana ɗan tsinta. Na nuna babur, na nuna kwalbar robata, na ce nebbam, wato mai. Fuskarta ta washe, ta ce in jira, ta shiga ɗaki. Na ce alhamdu lillahi, wataƙila ɗanta na da babur. Ta daɗe tana motsi a ciki, mu muna tsaye kamar a kan garwashi. Sai ga ta da kwalba cike, an toshe bakinta da totuwar masara. Man gyaɗa. Ta miƙo mini da hannu biyu tana murmushi. Na ce a'a, Dada, na babur, esans, fetur. Ta ɗauka raina shi na yi, ta koma za ta ƙaro. Da ƙyar na tsayar da ita. Da ta gane abin da nake nufi sai ta buɗe tafin hannu ta ce, "Walaa." Babu.

Ina tsaye ban san gabas ba ban san yamma ba. In tura babur, ƙauyen da sauran tafiya mai nisa a cikin yashi. In koma mararraba wurin mai tebur, nan ma nisa ne. In jira wani ya wuce, tun da muka bar kwalta ko keke ba mu gani ba, kowa ya jingine abin hawansa saboda tsadar mai. Sai iska ta juyo, na ji wata ƙara daga nesa, tut-tut-tut, ta wajen da itatuwa suka yi duhu. Injin ban ruwa ne, na masu lambun albasa a bakin rafi. Irin ƙaramin nan da fetur yake sha. Na ɗauki kwalba da tiyo na ce wa Madam Marta ta jira ni nan, na bar makulli a jikin babur, abin da ban taɓa yi ba, na yanki gona da gudu.

Nisan ya fi yadda kunne ya gaya mini. Na faɗi sau biyu a kunyoyin auduga. Na tarar da wani dogon mutum baƙi, wandonsa a naɗe, yana juya ruwa daga fangali zuwa fangali da fartanya. Ya ga mutum ya fito daga ciyawa da kwalba a hannu, ya riƙe fartanyar da kyau. Na yi sallama, ya amsa da Hausar kasuwa. Na ce mai nake so ya taimake ni da shi.

Ya ce, "Mai? Kwana uku ina nema kafin na sami wannan. In injin nan ya tsaya yau, albasata ta ƙone. Ka je gaba."

Na ce, "Babu gaba. Magani na ɗauko, mutum na kwance."

Ya ce, "Kowa haka yake cewa."

Na ce, "Kububuwa ce. Tun safe."

Ya ajiye fartanya, ya taka zuwa injin ya kashe shi. Wurin ya yi tsit, ruwan da ke bin kwata ya ja baya. Ya karɓi tiyona da kansa, ya zura a tankin injin, ya zuƙa da baki ya tofar, ya sa a kwalba har ta cika, ya karkata injin don na ƙasa ya fito. Na sa hannu a aljihu, ya daka mini tsawa. Ya ɗaga ƙafar hagu ya nuna mini, yatsu uku ne a jiki, da wani tabo da ya hau har idon sawu. Ya ce, "Me kake tsaye yi? Gudu!" Ko sunansa ban tambaya ba.

Na dawo na tarar da babur a inda na bar shi, tsohuwa na zaune kusa da shi tana gadi, Madam Marta kuwa babu ita. Tsohuwar ta ɗora hannu a kai ta kwaikwayi mai ɗauke da kaya, ta nuna gaba. Ta gaji da jira ta tafi da ƙafa. Na zuba mai, babur ya tashi, na bi ta. Ban yi nisa ba hanya ta rabu biyu, kuma ni ban taɓa zuwa ƙauyen ba, ita ce mai nuna mini. Na sauka ina neman sawu, shanu sun bi ta wurin sun tattake komai. Ta dama ta fi faɗi, da alamar tayar mota, na ce wannan ce hanyar gari. Na bi ta har ta kai ni wani fili da ake auna auduga, babu kowa sai tsohon sikeli da kara a tare. Nan hanyar ta ƙare. Na juyo, ina jin kowane murɗi a jikina don na san abin da ke cikin tankin. Na kama ta hagu. Can gaba na hango ta, ita kaɗai a tsakiyar rana, kula a kai ta lulluɓe ta da ɗankwali, takalmi ɗaya ya tsinke ta riƙe shi a hannu. Na tsaya gefenta, ta hau ba tare da ta dube ni ba.

Tafiyar da ya kamata mu gama kafin azahar, sai da aka yi la'asar muka isa. Asibitin ɗaki biyu ne da baranda. Daniyel na kwance a kan gado, ƙafar dama ta kumbura har cinya, ta yi baƙi daga ƙasa, an ajiye masa kwano yana tofa jini. Malamin asibitin ya fizge kular, ya buɗe, kwalaben na iyo a ruwa, ya taɓa ya ce da sauran sanyi. Ya haɗa ƙarin ruwa ya sa maganin a ciki. Da ya fito wanke hannu na bi shi bayan ɗaki.

Na ce, "Dokta, da mun iso tun azahar fa?"

Ya ce, "Da ya fi."

Na ce, "Ƙafar nake nufi."

Ya yarfe hannu ya ce, "Wa ya sani? Na ga wanda aka yi wa cikin awa biyu ƙafar ta ruɓe, na ga wanda ya kwana biyu ya tashi da ƙafarsa. Kafin a kawo shi nan ma sun ɗaure ta da igiya sun tsaga wurin. Ban san wanne ya yi ba. Ransa dai ina jin mun samu."

Jinin ya tsaya washegari. Bayan kwana shida aka kawo shi babban asibiti a Garwa, aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Na koma na bi lissafin man nan ya fi sau ɗari. Kwalba uku na saya da asuba, da idona na ga an zuba. Ko kwalaben ba su cika ba ne, ko wani ya zuƙe mini a tasha lokacin da na shiga masallaci, ko karbireta ce ke zubarwa a hanya ban lura ba, don daga baya na ga wani danshi a ƙasanta. Mutumin da ya sayar mini ban sake ganinsa ba. Robine kuwa, na tuna na murɗa shi rizaf kwana biyu kafin nan, amma na rantse na mayar. Ko ban mayar ba? Babu wanda ke hawa babur ɗin sai ni. Da yana kan buɗe, da ya yi mini tari tun muna kan kwalta, kusa da mai tebur. Wannan kam ba ni da wanda zan ɗora wa.

Wata huɗu ban bi ta layin masu wake ba. In an ce Madam Marta na neman mai kai buhu, sai in tura wani. Ran nan dai ta aiko musamman ta ce ni take so. Na je na tarar da Daniyel zaune a kan benci a rumfarta, sanduna biyu a jingine, ƙafar wando ɗaya a naɗe an soke da fil. Noma ya gagara, ya dawo gari yana taya ta awo. Yana ganina ya kama hannuna da hannu biyu ya ƙi saki, ya kira maƙwabtan rumfa.

Ya ce, "Ku zo ku ga mutumin da ya ɗauko raina a kan babur. Marta ta ce tun da take ba ta taɓa ganin gudu irin na ran nan ba. Layin famasi ne ya cinye musu lokaci, da ba don shi ya ƙure wuta ba da yanzu ina ƙasa."

Na buɗe baki na ce, "Daniyel, ai ranar…"

Madam Marta ta ajiye mudu da ƙarfi a kan tebur ta ce, "Malam Sale, asibiti za ka kai shi a duba dungun, ƙarfe goma aka ce. Rana na yi."

Ta zagayo ta karɓi sandunan don ta ɗaure su a gefen babur. Tana sunkuye kusa da ni ta yi ƙasa da murya ta ce, "Yana barci lafiya a kan abin da na gaya masa. Ka bar masa shi."

Na riƙe babur, ta tallafa masa ya hau, ya gyara zama, ya zagayo da hannuwansa ya kama cikina. Ya ce, "Na gaya mata daga yau kai kaɗai za ka riƙa ɗaukata. Sauran yaran nan ban yarda da su ba, sai su tsaya da mutum a hanya."

Na ce ya riƙe da kyau, akwai ramuka a gaba. Na buga kiki muka tafi.